Kamfani mai tambari ko masana'antar kwangila: ina ya dace jami'in sayen kayan lantarki ya yi aiki?

Buɗe bayan wayar hannu ko talabijin ka dubi koren allon da ke ciki. Za ka ga ɗaruruwan ƙananan abubuwa an liƙe su da solda, wasu ma da ƙyar ido ke ganinsu. Wayar zamani guda ɗaya tana iya ɗauke da ƙananan kafasita (masu riƙe cajin wuta) kusan dubu, ban da rizista (masu rage ƙarfin wuta) da cif (ƙwaƙwalwar na'ura) da mahaɗan waya da gilashi da batir. Kowane ɗaya daga cikinsu akwai wanda ya nemo mai yinsa, ya yi ciniki, ya rubuta oda, ya bi sawunsa har ya iso ƙofar masana'anta a ranar da ake bukatarsa. Wannan shi ne jami'in sayen kaya. Idan aikinsa ya tafi daidai ba wanda ke tunawa da shi. Ranar da abu ɗaya tak ya ƙi zuwa kuwa, layin haɗi ya tsaya, ma'aikata sun yi cirko-cirko, kowa ya san sunansa.

Wanda ya zaɓi wannan sana'a, ko ba daɗe ko ba jima zai tsinci kansa tsakanin gidaje biyu. Na farko shi ne kamfani mai tambari, wanda ke zana na'urar, ya sa mata sunansa, ya kai ta kasuwa: irin su Apple, Cisco, HP, Sony. Na biyu ita ce masana'antar kwangila, wadda ba ta da na'urar kanta, aikinta ta haɗa wa wasu abin da suka zana: Foxconn da Pegatron na Taiwan, Jabil da Sanmina na Amurka, Flex, Celestica ta Kanada, da ɗaruruwan ƙanana da ba a jin sunansu. A tallan neman ma'aikata za ka ga ana taƙaita na farko da OEM, ta biyu da EMS. Sunan muƙamin yakan zo iri ɗaya a gidajen biyu, shi ya sa mutane da yawa ke ɗauka aikin ma ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Masu neman aiki sukan kwatanta albashi da girman suna. Ni a ganina akwai tambayoyi biyu da suka fi waɗannan nauyi: wa ke da ikon zaɓen kayan da za a saya, kuma wa ke ɗaukar asara idan lissafi ya kwaɓe?

Wa ke zaɓen kaya

Komai yana farawa ne daga jerin kayan haɗi, wato takardar da ta lissafa duk abin da ke cikin na'ura, da lambarsa, da adadinsa. A gefen kowane abu akwai sunayen masana'antun da aka amince a sayi kayansu. Injiniyoyin kamfani mai tambari ne ke rubuta wannan jeri. Idan suka ce cif ɗin kamfani kaza za a sa, magana ta ƙare. Jami'in da ke masana'antar kwangila ba shi da ikon sauya shi da wani, ko da ya tabbata wancan ya fi araha, ya fi samuwa, kuma aikinsu ɗaya. Sai ya rubuta wa kwastoma, injiniyoyin kwastoma su gwada, su sa hannu. Wannan yana iya cin makonni. Idan na'urar ta asibiti ce ko ta mota ko ta jirgin sama, yana iya cin watanni.

Ka ga ke nan jami'in masana'antar kwangila yana ɗauke da alhakin kawo kayan da ba shi ya zaɓa ba. Wannan shi ne babban ɗacin aikin, kuma gara mutum ya san shi tun kafin ya shiga.

Yadda ake raba sayayyar ma ya bambanta daga kwangila zuwa kwangila. Wani kwastoman yakan bar wa masana'anta komai, ta sayo, ta haɗa, ta miƙa masa na'ura gamammiya. Wani shi ke sayen kayan da kansa ya aiko, masana'anta ladan haɗi kawai take karɓa. Manyan kamfanoni sun fi son tsaka-tsaki: su riƙe cinikin kaya masu tsada, wato babban cif, ma'adanar bayanai, gilashin fuska, kyamara, su yanke farashi da masu yinsu kai tsaye, sannan su ce wa masana'anta ta rubuta oda a kan wannan farashin. Wani lokaci ma ɓoye mata ainihin farashin suke yi, su saya da kansu su sayar mata. Abin da ya rage wa jami'in masana'anta shi ne ƙananan kaya: rizista, kafasita, mahaɗai, kusoshi, kwali. Kada ka raina su. Kuɗinsu kaɗan ne, amma su ne suka fi yawa a jeri, kuma allon da ya rasa kafasita ɗaya ba shi da bambanci da wanda ya rasa babban cif. Dukansu ba za su fita daga masana'anta ba.

A kamfani mai tambari, jami'i nagari yana zama da injiniyoyi tun ana zane. A nan ne ake ceton kuɗi na gaske, domin da zarar an kammala zane, mafi yawan tsadar na'ura ta riga ta zauna. Shi ne zai ce: wannan cif ɗin masana'anta ɗaya ce ke yinsa a duniya, ku nemo wanda ke da madadi, wannan kuma ya tsufa, nan da shekara biyu za a daina yinsa. Injiniya yakan ƙaunaci abin da ya saba da shi, saboda haka shawo kansa sai da hujja da haƙuri. Amma dai ƙofar a buɗe take, abin da takwaransa na masana'antar kwangila ba kasafai yake samu ba.

Yadda yini ke tafiya

Da safe jami'in masana'antar kwangila yana buɗe manhajar tsara kaya, SAP ce ko Oracle ko wata, ya tarar da ɗaruruwan saƙonni da ta fitar cikin dare: rubuta sabuwar oda, jawo wannan kusa, tura wancan gaba, soke wancan. Daga nan sai taron ƙarancin kaya, inda masu tsara aikin layi ke karanto abubuwan da suka hana a fara haɗi, kowa ya juyo ya dube shi yana jiran ranar isowa. Ragowar yinin kiran waya ne da wasiƙu: dila, wato mai rarraba kayan masana'antu, ya ce kaya sun taso, kamfanin jigila ya ce suna filin jirgi, kwastan sun riƙe saboda takarda ɗaya, masu duba inganci sun ƙi karɓar wani kunshi domin jakarsa ta huje danshi ya shiga. Yana iya riƙe da dubban lambobin kaya na kwastomomi biyar ko goma a lokaci guda, kowanne da dokokinsa, kowanne yana ganin nasa aikin ya fi gaggawa.

Aiki ne mai gajiyarwa, amma makaranta ce da ba ta da na biyu. Cikin shekara biyu mutum zai san abin da wani zai yi shekara shida bai sani ba. Zai san dalilin da ya sa manhaja ke ba da umarnin banza idan aka shigar mata da wa'adin kawo kaya na ƙarya. Zai san cewa wasu cif-cif idan aka buɗe jakarsu suka sha iska fiye da ƙima sai an gasa su a murhu na musamman kafin a liƙa, in ba haka ba su tsage da zafin solda. Zai san wane dila ne maganarsa ɗaya, wane ne ke faɗin rana don kawai a bar shi ya huta. Kuma layin haɗi yana nan kusa da teburinsa. Idan ya yi kuskure zai taka da ƙafarsa ya je ya ga abin da kuskuren ya haifar. Gani ya kori ji.

A babban kamfani mai tambari agogo daban ne. Ana ba mutum rukunin kaya ɗaya, a ce batir ko ma'adanar bayanai ko allunan lantarki, ya zama shi ne masaninsa. Yana neman farashi daga masana'antu da dama, yana warware tsadar abu dalla-dalla don ya san nawa ne kayan ciki, nawa ne aiki, nawa ne riba, yana zaman ciniki duk wata uku ko duk shekara, yana ziyartar masana'antun da ke kawo masa kaya, yana raba oda tsakaninsu don kada ɗaya ya riƙe masa wuya. Tunaninsa yana kan shekara mai zuwa, ba kan jibi ba. Misalin da ya fi nuna ƙarfin wannan kujera shi ne abin da Apple ya yi a 2005, lokacin da ya ƙulla yarjejeniyar biyan dala biliyan 1.25 tun kafin a kawo kaya ga Samsung, Toshiba, Hynix, Micron da Intel, don ya kama wa kansa ma'adanar bayanan da na'urarsa ta sauraron kiɗa, iPod, ke bukata na shekaru. Shawara irin wannan ba a yanke ta a masana'antar kwangila.

Sai dai a yi hattara da wannan misali, domin yawancin kamfanoni masu tambari ba Apple ba ne. Akwai dubban ƙanana da matsakaita da ke yin mitar wuta, na'urar awon asibiti, kayan sadarwa, masu haɗa dubu biyar ko dubu hamsin a shekara. Jami'in irin wannan kamfani ba ya zama da masu yin cif. Ta hannun diloli irin su Arrow da Avnet yake saye, ƙananan oda kuma daga Digi-Key ko Mouser. Sau da yawa masana'antar kwangila ta fi shi ƙarfin ciniki nesa ba kusa ba, saboda tana tara bukatar kwastomomi da yawa ta saya a dunƙule. Abin da yake da shi shi ne faɗin aiki: shi ne mai ciniki, shi ne mai bin oda, shi ne mai kula da kwangilar haɗi, ofishin injiniyoyi kuma taku goma ne daga nasa. Akwai kuma kamfanoni masu tambari da ke da masana'antunsu, kamar yadda Samsung ke haɗa wayoyi masu yawa a Biyetnam. A irin wannan gida ana samun ɗanɗanon aikin biyu. Saboda haka kafin ka ce tambari kake so, tambayi kanka wane irin tambari.

Riba, da inda take matse mutum

Dubi lissafin kamfanoni biyu da ke aiki a kan waya ɗaya. Bayan an cire kuɗin yin kaya, abin da ke rage wa Apple ya haura kashi 40 cikin ɗari na cinikinsa a shekarun nan. Na Foxconn kuwa yana yawo ne a wajen kashi 6. Wannan tazara tana bayyana kusan duk bambancin zaman aiki a gidajen biyu. A masana'antar kwangila kuɗin kayan haɗi ne ke cinye kaso mafi tsoka na abin da ke shigowa, don haka ɗan abin da jami'in saye ya rage a farashi yana iya zama shi ne ribar kwangilar gaba ɗaya. Ana auna shi da tazarar da ke tsakanin farashin da aka yi wa kwastoma alkawari da wanda ya saya a zahiri, da saurin juyawar kayan sito, da yawan ranakun da layi ya tsaya saboda shi. Waɗannan ma'aunai suna karo da juna. Idan ka sayi da yawa don farashi ya sauka, sito ya cika, masu kuɗi su yi kuka. Idan ka rage, layi ya tsaya, masu haɗi su yi kuka. Kullum kana tsakiya.

Gidan da ribarsa ta yi siriri haka ba ya iya sakin hannu wajen albashi, ba ya kuma ɗaukar ma'aikata fiye da ƙima. Galibi babban kamfani mai tambari ya fi biya, ya fi ba da horo da damar tafiye-tafiye. Amma shi ma yana da nasa matsin. Ana sa ran farashin kayan lantarki ya riƙa sauka duk shekara, kuma za a rubuta maka adadin da ake so ka rage, ko kasuwa ta yarda ko ba ta yarda ba. Ranar ƙaddamar da sabuwar na'ura kuma ba ta ɗagawa don kai.

Kayan da suka kwana

A nan nake so mai karatu ya ɗan tsaya, domin wannan ne wurin da sababbin jami'ai suka fi ƙonewa, kuma ba a cika faɗa musu ba. Ƙananan kayan lantarki ba a sayar da su ɗai-ɗai ga masana'anta. A naɗe suke zuwa a faifai, rizista dubu biyar ko dubu goma a faifai guda. Idan kwastoma ɗari takwas yake bukata, ragowar na wa ne? Wasu kayan kuma sai ka sa hannu cewa ba sokewa ba mayarwa kafin a karɓi odarka. Wasu sai ka yi oda wata shida ko tara kafin ranar bukata, bisa hasashen da kwastoma ya ba ka, alhali shi kansa bai tabbatar zai sayar da na'urorin ba. Idan ya rage hasashe, ko injiniyoyinsa suka sauya zane, kaya sun zauna a sito ba mai so.

Kwangila mai kyau tana fayyace cewa kwastoma ne zai biya abin da aka saya bisa hasashensa, cikin wa'adin da aka amince. Amma ranar da aka zo rabon asara, kowa takarda yake nema. Idan jami'in masana'anta ya sayi fiye da hasashe don tsoron ƙaranci, ko ya karɓi sharaɗin ba sokewa ba tare da izinin kwastoma a rubuce ba, asarar ta dawo kan gidansa, sunansa kuma yana kan odar. Umarnin baki ba ya ceton kowa a wannan rana. Shi ya sa duk wanda ya daɗe a masana'antar kwangila za ka same shi da ɗabi'ar cewa "aiko min a rubuce", ko da wanda ke magana abokinsa ne.

A kamfani mai tambari kana ɗaya gefen teburin: kai ne za a kawo wa lissafin kayan da suka kwana, ka tantance wanne ne haƙƙinku, wanne ne sakacin masana'anta. Kuma a ƙarshe babban nauyin yakan faɗo kan mai tambari, domin hasashen nasa ne. A 2001, da kasuwar kamfanonin intanet ta faɗi, Cisco ya share kayan sito na sama da dala biliyan 2 daga littafinsa. Lokacin da kaya ke ƙaranci, masu saye sun riƙa rubuta oda ɗaya a wurare biyu ko uku don su samu ko ta wane hali, lissafi ya nuna bukatar da babu ita, aka tara kayan haɗi don biyan ta. Da iska ta juya sai odar ta watse, kayan suka rage.

Lokacin ƙaranci

Kasuwar kayan lantarki tana da ɗabi'ar yunwa da ƙoshi. Yin cif ɗaya daga farko zuwa ƙarshe yana cin wata uku ko fiye, gina sabuwar masana'antar cif kuma shekaru ne da biliyoyin daloli, don haka idan bukata ta yi tsalle ba yadda za a yi kaya su biyo ta nan take. An gani a 2011, da girgizar ƙasar Japan da ambaliyar Tailan da ta nutsar da masana'antun faifan ajiyar kwamfuta. An gani a 2017 da 2018, lokacin da ƙananan kafasita, abin da ba wanda ke kulawa da shi, suka zama abin nema ido rufe. Mafi muni shi ne wanda ya fara a 2020. Annobar korona ta rikita hasashen kowa. A Fabrairun 2021 sanyi mai tsanani ya katse wuta a Texas, masana'antun cif na Samsung da NXP da Infineon da ke Austin suka tsaya. A Maris gobara ta tashi a masana'antar cif ta Renesas da ke Naka a Japan. Wa'adin kawo wasu ƙananan cif-cif ya wuce shekara guda, kamfanonin mota suka rufe layuka. Kafin 2023 ta ƙare kuma labari ya juya, sito-sito suka cika, masu yin ma'adanar bayanai suka rage aiki.

A lokacin ƙaranci masu yin cif raba abin da suke da shi suke yi kaso-kaso, kuma suna duban sunan wanda ya zana na'urar, ba wanda ke haɗa ta ba. Saboda haka jami'in kamfani mai tambari ne ke zuwa roƙon kaso, wani lokaci da shugabannin kamfaninsa a gaba, shi ne kuma zai iya sa injiniyoyi su sake zanen allo don ya karɓi wani cif da ake samu. Na masana'antar kwangila yana riƙe da lissafi: guda nawa suka rage, kwana nawa za su kai, wane kwastoma za a ba idan biyu suna bukatar abu ɗaya. Shi ne kuma dillalai ke fara bugo wa waya.

Dillali ba dila ba ne. Dila mai lasisi daga hannun mai yin kaya yake karɓa, yana da takardar asali. Dillalin kasuwar bayan fage yana sayar da abin da ya tsinto: rarar wata masana'anta, wanda zai iya zama lafiyayye, ko kuma tsohon cif da aka ciro daga bolar kayan lantarki, aka goge fuskarsa aka buga sabuwar lamba. A 2012 wani kwamitin Majalisar Dattawan Amurka ya ba da rahoton cewa ya gano kimanin lamura 1,800 na kayan da ake zargin jabu ne, sama da guda miliyan ɗaya, a hanyar samar da kayan sojan ƙasar. Idan jabu ya shiga can, babu gidan da zai ce ya fi ƙarfinsa. Layi yana tsaye, manaja yana kanka, ga wani ya ce yana da dubu ashirin zai aiko gobe. A nan ake gane jami'i. Wanda ya san aikinsa zai nemi izinin kwastoma a rubuce, ya tura samfuri ɗakin gwaji a haska shi a buɗe cikinsa, kafin guda ɗaya ya hau allo. Ina ganin wannan jarrabawa ta fi yawan zuwa wa na masana'antar kwangila, tare da 'yar'uwarta, wato kyautar da ake turowa don a buɗe ƙofa. Sana'ar tana da ƙanƙanta fiye da yadda ake zato. Mutane suna yawo daga gida zuwa gida, labari yana bin su. Wanda aka taɓa kamawa ya karɓa, da wuya ya sake samun kujera.

Dokoki kuwa sun shafi gidajen biyu, bambancin kawai wa ke amsa tambaya a gaban hukuma. Tun Yulin 2006 dokar RoHS ta Tarayyar Turai ta taƙaita dalma da zaiba da wasu sinadarai a kayan lantarki. Dokar Dodd-Frank ta Amurka ta 2010 ta wajabta wa kamfanonin da ke kasuwar hannun jarinta su binciki asalin kuza, tantalam, tungistin da zinaren da ke kayansu, saboda yaƙin gabashin Kongo. Daga 2018 harajin da Amurka ta ɗora wa kayan Sin ya sa kamfanoni neman masana'antu a Biyetnam da Indiya da Meziko. Mai tambari ne ke tsara yadda za a bi da waɗannan, na masana'anta ke tattaro takardun shaida daga kowane mai kawo kaya.

To, wanne?

Ga wanda yake farawa, shawarata ita ce masana'antar kwangila, musamman matsakaiciya mai haɗa na'urori iri-iri kaɗan-kaɗan, ba ƙatuwar da ke fitar da waya iri ɗaya miliyoyi ba. A ƙatuwar za a iya ba ka lambobi hamsin ka yi ta bin sawunsu shekara uku ba ka taɓa yin ciniki ba. A matsakaiciyar za ka taɓa komai. Kamfanoni masu tambari sun san darajar wannan horo, kuma suna son ɗaukar wanda ya taɓa zama a ɗaya gefen, domin ya san inda masana'anta ke ɓoye riba a cikin farashin da take kawowa, ya san uzurin gaskiya da na ƙarya. Komawa daga tambari zuwa masana'anta yana yiwuwa, amma ya fi wuya a jiki, saboda saurin aikin da raguwar iko.

Haɗarin shi ne daɗewa. Idan shekara uku ko huɗu suka wuce kana bin oda kawai, kasuwar aiki za ta fara kallonka a matsayin mai bin oda, kuma wannan ɓangaren ne manhajoji ke ƙara cinyewa. Ko dai ka matsa zuwa sashen da ke yanke farashi da manyan masu kawo kaya a cikin masana'antar, ko sashen da ke lissafa wa sababbin kwastomomi tsadar aiki, ko ka tsallaka.

Wanda ya karanta injiniyan lantarki, ko yake jin daɗin karanta takardar bayanin cif, zai fi amfani a kamfani mai tambari tun farko, kusa da masu zane. Haka ma wanda ya san ransa ba ya jure kiran dare da tashin hankalin kullum. Ba laifi ba ne mutum ya san kansa, ko da yake can ma akwai taron tsakar dare da masana'antun da ke wani gefen duniya. Wanda kuma burinsa shugabanci ne, ya tuna cewa Tim Cook ta wannan hanya ya biyo: shekara 12 a IBM, daga baya kula da kayan haɗi a Compaq, ya shiga Apple a 1998 don gyara sayayya da sito, ya zama shugaban kamfanin a 2011. Takardun ƙwarewa irin na CIPS ta Birtaniya ko ISM ta Amurka suna taimakawa wajen buɗe ƙofa a gidajen biyu, amma ba sa maye gurbin sanin kayan kansu.

Ko wanne gida ya kira ka, kada ka fita daga ɗakin ganawa ba ka yi waɗannan tambayoyi ba. Lambobin kaya nawa zan riƙe, na kwastomomi nawa? A cikinsu, kashi nawa ne ni zan yanke farashinsu, kashi nawa aka riga aka yanke? Da me za a auna ni a ƙarshen shekara? Wa ke sa hannu kafin a saya daga dillali, kuma ina ake gwada kayan? Idan na ga madadin wani cif, wa zan kai wa, kuma kwana nawa amsa ke ɗauka? Sannan ka roƙi a nuna maka sito. Dubi kantocin da ke can ƙarshe, inda ake ajiye kayan da aka daina amfani da su, ka karanta kwanan watan da ke jikin kwalayen, ka tambayi wanda ke zagayawa da kai wa ya biya kuɗinsu.